Ɗakunan da Ghali Ya Kama a Bakin Teku

Faɗana da Ghali a kan dambun nama ya tashi. Ya zo ƙofata a unguwar Gubaira, nan Riyad, wata Talata da ya samu ya leƙo gida, ya ce, "Inna Hindatu, ranar Asabar za mu tafi. Ki yi mana guzuri na kwana tara." Na aika aka sayo min naman cinya, na dafa, na daka, na soya har bayana ya ƙage, na cika robobi biyu. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci sai ga shi yana sosa ƙeya, wai tafiyar ta ɗan ja baya. Karo na uku ke nan da ya sa ni wannan aiki.

Na ce, "Ta ja baya har ina? Bara baya ta ja, bara waccan ma baya. Yanzu ai ta kusa isa Ƙauran Namoda da baya."

Ya ce, "Inna, ba ki gane tsarin ba ne."

"Ban gane ba. Ni ko sunana ban iya rubutawa ba. Amma duk wanda na gani ya yi tafiya, takalmi ya sa ya fita. Kai kuwa yatsanka ne kaɗai yake yawo a kan waya."

Ransa ya ɓaci. Ya ce ba kyau babba kamata ta riƙa shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Na ce ai ba tsakaninsu na shiga ba, tsakanin tukunya da turmi ya saka ni. Ya hau bene ya bar min dambun, muka yi wata biyu ko gaisuwa sai ta daga nesa.

Ghali Abdulwahid mutumin Ƙauran Namoda ne, direba. Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa iyalin wani Balarabe da ke zaune a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, shi ne kuma kafilinsa, wanda iƙamarsa, wato takardarsa ta izinin zama a ƙasar, take hannunsa. Ban taɓa ganin rigar Ghali da lanƙwasa ba, kuma an ce bai taɓa goga motar gidan ko da bango ba. Sati cur yana kwana a ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidan. Ranar Alhamis da yamma yake zuwa Gubaira, inda ya kama wa matarsa Safiyatu ɗaki ɗaya a saman nawa. Ni a ƙasa nake soya waina ina sayar wa ma'aikata, don haka duk hawa da saukar gidan ta gabana ake yi.

Ghali ya san teku. Duk hutun makaranta shi yake kwasar iyalin gidan ya kai su Jidda ko Khubar, wata shekara har Yanbu. Zai tsaya da su a ƙofar otal, a buɗe musu mota, a ɗauki jakunkunansu, shi kuma ya zagaya ta baya ya gangara ƙarƙashin ƙasa inda ake ajiye direbobi, ɗaki babu taga. Idan sun je shan iska a bakin ruwa, yana wajen ajiye motoci yana jira. Daga irin wannan wurin ne ya riƙa kiran Safiyatu tun kafin a ɗaura musu aure. Sai ya miƙa wayar ta saman shinge ya ce mata ta saurara. Ita tana Ƙaura, ruwan da ta sani na gulbi ne da ke ƙafewa da rani. Ta gaya min da bakinta cewa wannan ƙarar ce ta sa ta ƙi wani mai shagon atamfa.

Ba a ba direban gida izinin kawo mata. Da bizar umara ta shigo, ta Madina, aka kawo ta Riyad a mota, ta zauna. Shekara goma sha ɗaya ba ta da iƙama. Tana yi wa matan layinmu kitso da lalle, kuma iyakar yawonta ƙarshen layin, inda ake sayar da burodi.

Tafiyar kuwa tana cikin wayar Ghali, a shirye tsaf. Duk Juma'a bayan an ci abinci sai ya leƙo ya ce, "Inna, hawo ki ga inda muka kai." In hau da gwiwoyin nan nawa, mu sa shi a tsakiya. Dammam za a fara, kwana biyu, a leƙa Khubar a ga gadar da ta ratsa ruwa har Baharain. Sannan Jidda kwana uku, don Jidda ba a yi mata gaggawa. Da safe tsohon gari, wurin gidajen nan masu tagogin katako. Da la'asar kasuwar kifi, ita za ta nuna wanda take so a gasa. Kafin magariba a samu wurin zama a ga ruwan nan da ake harbawa sama. Yanbu ya ce don tsaftar ruwanta. Jizan kuwa wata shekara ya saka ta, wata shekara ya cire, saboda jirgin ruwan da ke kai mutane tsibiri, yana tsoron kada ya sa ta amai.

Ya san daga hawa na nawa ne ake hango ruwa a kowane otal, ya san ɓangaren da rana take duka da rana tsaka, ya san otal ɗin da ke kusa da masallaci. Ai ya sha ɗaukar kaya zuwa ƙofofin waɗannan ɗakuna. Kuma ba kallo kawai yake yi ba, kamawa yake. Akwai irin ɗakin da za ka kama ta waya, in ka fasa kafin kwana biyu ba ruwan kowa da kai. Irinsu yake nema. Saƙo ya shigo, ya gyara murya ya karanta mana: Ghali Abdulwahid, mutum biyu, ɗaki mai kallon teku. Safiyatu ta rufe baki da mayafi tana dariya. Sai ta wanke kaya, ta yi wa kanta lalle. In ya rage kwana biyu ya soke.

Dalilin sokewar bai taɓa canzawa ba, ko da yake kullum sabuwar riga yake sa masa. A gaban teburin otal ana karɓar iƙamar miji da ta mata. Ghali ya fi kowa sanin haka, don ya sha tsayawa bayan maigidansa a gaban wannan teburin, jaka a kowane hannu. Abin da yake jira shi ne kafilin, wanda ya taɓa ce masa zai duba maganar takardun matarsa. Duk lokacin da ya tuna masa sai ya dafa kafaɗarsa ya ce bukra in sha Allahu. Ni na shekara arba'in a ƙasar nan, na san gobe irin wannan.

Ni na fara lura da idon Safiyatu. Ta zuba min shayi a gefen kofi, ta ce hannunta ne ya kauce. Sai tsagar kitsonta ta fara karkacewa, mata suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. Na matsa har aka kai ta wurin wani likita mai ɗan asibiti a Malaz wanda ba ya yawan tambayar takarda. Ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana ci. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Ya ba da maganin ɗigawa, ya ce zai rage gudun abin, ba zai tsayar da shi ba. Da na tambaye shi saura yaushe, ya ce shekara, in an yi sa'a biyu.

A satin na nemo Moussa, wani ɗan Maraɗi da ke cin waina a wurina, yana jan babbar mota zuwa Dammam sau biyu a sati. Ya ce awa huɗu ne, bayan kujerarsa akwai wurin kwanciya da labule. A Dammam kuma ina da ƙawata Zouera, tana da ɗaki da katifa, daga gidanta zuwa bakin ruwa ba nisa. A tafi Alhamis, a dawo Asabar. Na hau na shimfiɗa wa Ghali maganar a gaban matarsa.

Ya ce, "A bayan motar kaya, Inna? Kamar buhun albasa?"

Na ce, "Buhun albasa yana isa inda aka aika shi."

"In aka tsayar da su a shingen bincike fa? Shi ke nan an mayar da ita gida."

"Zai iya faruwa. Moussa ya ce da wuya su leƙa bayan labule, amma ban ce maka ba zai yiwu ba. To ka auna. Nan ma da take zaune wani abu yana zuwa ya same ta, kuma shi ba ya jiran shinge."

Safiyatu ta ce a hankali, "Malam, ni ko daga nesa ne. Ko tsayuwar minti goma."

Bai kalle ta ba, ni ya kalla. Ya ce, "Shekara goma sha tara ina shiga ta ƙofar baya. Matata ba za ta ga teku a ɓoye ba kamar wadda ta yi sata. Ta ƙofar gaba za ta shiga, a buɗe mata mota, wani ya ɗauki jakarta. Wannan na yi mata alkawari."

Na ce, "Ita teku ta ji ka ce. Ƙofar kai kake so."

A cikin wannan shekarar ne muka yi faɗan dambun. Da na ga ba zai motsa ba, na samu Safiyatu ita kaɗai na ce ta shirya ranar Litinin, yana wurin aiki, Moussa ya kai ta ya dawo da ita kafin Alhamis, ni zan raka ta. Ta ce, "Inna, in na gan shi ba da saninsa ba, da wane ido zan zauna ranar Juma'a yana nuna min hoto?" Na ce da wannan ɗayan da ya rage miki. Ta yi dariya, amma ba ta je ba.

Bayan babbar salla idon ya rufe. Na hau kai mata waina da hantsi, rana ta cika ɗakin, ta ce in taimaka in ɗaga labule. Labulen a ɗage yake. Na je na girgiza shi ya yi ƙara. Ta ce, "Bari, Inna. Na gane."

Ranar Juma'a Ghali ya ci abinci ya wanke hannu, ya zaro waya kamar kullum. Har ya juya ta wajen fuskarta kafin ya tuna. Sai ya riƙe ta a haka, ya fara faɗa mata da baki: ga baranda, ga kujeru biyu farare, ruwan shuɗi ne har inda ido ya tsaya. Ta ce, "Malam, ajiye. Ko hasken wayar ba na gani." Da la'asar ya sauko ya tsaya a ƙofata, hula a hannu, ya tambaye ni ko Moussa yana nan. Moussa an canza masa hanya tun kafin azumi, arewa yake zuwa yanzu, wajen Ha'il, inda babu komai sai duwatsu.

Ba a yi wata huɗu ba aikin ma ya ƙare. Matar kafilin ta daɗe da koyon mota, 'ya'yanta mata biyu kowace da tata. Aka ce wa Ghali ya yi ƙoƙari, Allah ya saka, aka buga masa bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar. Dole Safiyatu ta miƙa kanta ga hukuma. Aka yi makonni ana kai ta ana dawo da ita, aka ɗauki zanen yatsunta, aka ba ta takardar tafiya. Wannan ce takarda ta farko da ta samu da sunanta a ƙasar nan.

Ranar tafiyarsu suka sauko da safe yi min sallama. Ghali ya goge rigarsa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Safiyatu tana dafe da bango, na kama hannunta na ɗora a kafaɗata. Motar da za ta kai su filin jirgi ba ta iso ba tukuna, sai na ga ya sa hannu a aljihu.

Ya ce, "Inna, kin san can babu mai tambayar iƙama. Na duba. Legas za a fara, sai Kwatano, sai Lome, in hali ya yi har Akara. Duk a bakin ruwa suke, hanya ɗaya ce ta bi ta cikinsu. Na ga wani otal a Lome, tagarsa kamar ka miƙa hannu ka taɓa teku. Shi ma ana iya sokewa."

Na ce, "Yaushe?"

"To, sai damina ta wuce. In ɗan samu abin yi tukuna, in zauna da gindina. Kuma an ce hanyar Legas sai an bi a hankali yanzu."

Na ji yatsun Safiyatu sun matse kafaɗata. Sai ta roƙe ni in duba mata ko mayafinta ya zauna daidai. Na gyara mata. Mota ta yi hon a bakin layi, Ghali ya sunkuya zai ɗauki jakunkuna, ɗaya a kowane hannu. Na riƙe masa hannun riga.

Na ce, "Tsaya ka ji, don ba za mu sake ganin juna ba, ni a nan za a binne ni. Matar nan ba ta da abin yi da taga yanzu. Ka kai ta inda ruwan zai taɓa ƙafarta, ko a tasha za ku kwana. In kuma ka san ba za ka kai ta ba, Ghali, don Allah ka daina karanta mata sunayen garuruwa."