Ranar da Na Yi Amshi Ni Kaɗai a Tsakar Gida

Ko da tsufa zai kwashe min duk abin da ke cikin kai, kuma ya riga ya fara, akwai wata safiyar Lahadi a unguwar New Bell ta Douala da ba zai iya ɗauka ba. Ita ce ranar da ni, mai muryar da ke korar kaji, na yi wa Ubangiji waƙa a gaban jama'a.

Ni mutumin arewa ne, Kirista, na sauko Douala tun ina da gashi a kai. Tsire nake gasawa a bakin titi, abin da mutanen nan ke kira soya. Boko kuwa, na shiga ta ƙofa na fita ta taga. Muna haya ni da matata a gidan wani Alhaji, Bahaushe haifaffen unguwar, kuma duk gidan mu kaɗai ne Kirista. Ba wanda ya taɓa takura mana. Amma ni dai na ɗauki addinina kamar gishirin sata, a aljihu yake. Ran Lahadi in sulale coci, in sulalo gida.

Matata ba haka take ba. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Ita take jefa baiti, sauran mata su amsa, suna buga tulu. Kuma al'adarsu ce, duk wadda ta kwanta rashin lafiya, sai su ɗauro zane iri ɗaya su cika mata ɗaki da waƙa. Matata ta yi wa mata da yawa haka, daga unguwar Nkololoun har unguwar Village.

Sai ga korona. Aka hana taro, cocinmu ya rufe ƙofa. Ana cikin haka zazzaɓi da tari suka kama matata. Likita ya ce ta zauna a ɗaki ita kaɗai, kada kowa ya shiga. Na koma kwana a baranda, ina ajiye mata kwano a bakin ƙofa kamar mai ciyar da fursuna. Da farko tana ci. Daga baya kwanon ya riƙa dawowa yadda na kai shi. Na yi mata kunu, na yi farfesu, har tsiren da nake sayarwa na zaɓa mata mai taushi. Ta ce ta bayan ƙofa in daina wahalar da kaina, ita da ta yi wa kowa waƙa ga shi za ta tafi shiru. Wannan maganar ta fi tarin ba ni tsoro, don na san wanda ya bar abinci ya fara sallama.

Safiyar Lahadin ana yayyafi. Na ga tulunta a kife a kusurwa. Na ɗauko shi, na zauna a kan turmi a tsakiyar gida, daidai tagarta. Sai da na zauna na tuna ban san baiti ko ɗaya ba. Shekara da shekaru ina bencin baya ina gyangyaɗi, abin da kunnena ya kama amshi ne kawai, inda ake cewa mun gode wa Yesu.

To, abin da nake da shi na bayar. Na buga tulu, na yi amshi, na yi shiru daidai inda baiti ya kamata ya shiga. Na sake amshi, na sake shiru. Sunan da ban taɓa furtawa da ƙarfi a gidan nan ba, ga shi ina kwarara shi da muryar tsohon jaki.

Ƙofofi suka fara buɗewa. Hajiya, matar Alhaji, ta leƙo da ludayi a hannu. Sai ga Alhaji da kansa, da carbi, takunkumi a haɓa. Na ce a raina yau mun kwashe kayanmu. Ya tsaya daga nesa ya dube ni, ya dubi tagar.

"Mai Soya, wa kake yi wa?"

Na ce Allah nake yi wa, amma ina so maman yara ta ji.

"To ɗaga murya mana. Ruwa na dukan kwanon rufi, ba za ta ji ba."

Na ɗaga. Allah ya yafe min abin da na yi wa kunnuwan mutane a ranar. Hajiya ta ce shekaru tana jin waƙar nan ta bango in matata na wanki, ba ta taɓa jin an wulaƙanta ta haka ba, kuma tulun ma ba a daidai nake bugawa ba. Ta kama tafa min da ludayi a bayan kwano, don in daina ɓata.

Ban san sau nawa na bar gurbin nan a buɗe ba. Can sai na ji wata 'yar murya, a shaƙe, ta shiga daidai wurin. Baitin ne. Na amsa. Ta sake jefowa, tari ya katse ta, na jira, ta ƙarasa. Hawaye na zuba a kan tulu, ina amshi kamar ni ne mata talatin.

Da muka gama ta tura tagar kaɗan. Ta rame, amma idon nan na faɗa ya dawo.

"Baban yara, ka ajiye min tuluna kafin ka fasa shi. Kunun nan akwai saura?"

Akwai, amma ya huce, kuma Hajiya ta ce ba a ba mara lafiya kunun namiji, ta dama sabo. Kwanon ya dawo a suɗe.

Kowace Lahadi bayan nan na riƙa zama a kan turmin, har ta warke ta fito. Da aka buɗe coci ta ba matan zumunta labari, suka ce za su ɗinka min zanensu. Na ce su bari tukuna, ƙugun bai kai ba. Har yau in Alhaji ya zo sayen tsire sai ya ce, yaya limamin tulu.

Abin da ranar ta koya min shi ne, yabon Allah ba ya jiran murya mai daɗi ko ɗaki cike da mutane. In amshi kaɗai ka iya, ka yi shi da ƙarfi a fili, ka bar wa ɗan'uwanka gurbin baiti. Ni da na ɓoye nawa don kada in dami maƙwabta, maƙwabcin ne ya ce in ɗaga.