Fitilar Motata da Kunyar Suruki

Ina tsaye gaban motata, na sa sabon ƙwan fitila karo na uku, fitilar hagu ta yi fari fat ta sake mutuwa. Nura, mijin 'yata Hafsatu, uban jikata Hanifa, yana durƙushe gefe tun isowarsu daga Kusada.

Na ce, "Ƙwayayen yanzu ba su da ƙarko, ko?"

Ya sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba."

Na tafi sallar la'asar. Da na dawo na kunna, fitila ta kama tar, ta zauna. Na shiga gida ina baza riga, wai injiniyan Kankiya bai tsufa ba, ni da boko ya sallama tun aji huɗu.

Hafsatu ta kwashe da dariya. "Baba, ba ƙwai ba ne fa, balas ne, ɗan akwatin da ke ba fitilar wuta. Abban Hanifa ya gane tuni, kunya ta hana shi faɗa. Kana fita ya ciro na motarsa ya sa maka. Ai shi ba abin da bai iya ba!"

Tun tana firamare, ni take yi wa wannan kirari.

Na leƙa waje na ce, "Allah ya yi albarka," da murya irin ta mai ciwon haƙori.

Iyayen 'yan mata, ku ma haka kuka ji ranar da aka sauke ku daga kujera, ko ni kaɗai ne?