Idanu Biyu a Gindin Kanya

Yau in ka bar Wudil ka nufi wajen Indabo, ka ratse ta hanyar da ke gangarawa kogi, ba abin da za ka gani sai gonakin gero da dawa har bakin ruwa, da 'yan acaɓa suna wucewa da buhunan taki. In dare ya yi ana hango hasken fitilun jami'a daga can. A da ba haka wurin yake ba. Gandun daji ne na gwamnati, ƙarami, ba irin waɗanda ake kai baƙi daga Turai ba, amma yana da duhuwar marke da kanya da farar ƙaya, akwai gada da dila da beguwa, akwai kuma bukkar mai gadi a bakin hanya. Muna yara ko itace ba a barinmu mu shiga yi.

Aikin likitan dabbobi ne ya fitar da ni daga gida ina saurayi. Na bi shanu da allura a Chadi da arewacin Kamaru, na zauna a Sudan, daga baya aka tura ni Kenya. Na dawo gaba ɗaya a shekarar da soja suka miƙa mulki a karo na ƙarshe, ana ta shirin rantsar da farar hula. Farkon damina ne, an yi ruwa ɗaya ko biyu, zafi bai sauka ba.

Na tarar da yayana ya ajiye allura. Ɗinkin hula ne sana'arsa tun tasowarmu, yana da ɗan shago a Sabon Garin Wudil, amma idanunsa sun yi rauni har ba ya iya zura zare. Na kai shi Kano aka auna shi, aka yanka masa tabarau masu kauri, gilasansu manya zagayayyu. Ranar da ya sa su ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Kashegari ya buɗe shago. Daga nan ba ya cire su sai in zai yi alwala ko barci.

Da yamma nakan zauna a bencin shagonsa ina ba shi labarin ƙasashe, yana ɗinki yana yi mini tsiya. Wata rana na ba shi labarin yadda ake shiga daji da dare a Kenya don kallon dabbobin da ba sa fita da rana. Na ce a can ba a magana, ba a tari, ana kashe fitila a zauna ƙasa-ƙasa, sai in an ji motsi a haska. In ka haska sai ka ga daji ya cika da idanu, wasu jajaye wasu koraye, kamar ka hango gari daga kan tudu.

Ya ajiye hular da ke hannunsa ya ce, "Wato likitan shanu, sai da ka hau jirgi ka je ganin abin da ke bayan gidanku? To ga ni da sababbin idanu. Ka kai ni gandu, amma irin na Kenya nake so, ba irin namu ba."

Irin namu da yake nufi kowa ya san shi. A wajenmu wanda zai shiga daji da dare don wata larura, ko neman dabbar da ta ɓata ko saiwar magani, sai ya aika wa Sarkin Baka goro tun da rana. Shi ne shugaban maharba, shi zai gaya wa mutanensa cewa yau akwai ɗan Adam a wuri kaza. In ka shiga kuma ba ka tafiya shiru. Kana gyaran murya, kana buga sanda a ƙasa, wasu ma waƙa suke yi. Na ce wa Yaya bari mu aika goron. Ya ce a'a, kuma hujjarsa ta shige ni. Ya ce tun da soja suka tsananta, ba maharbin da ya sake taka gandun nan, don wanda aka kama tsallen kwaɗo ake sa shi da bindigarsa a ka. Aika wa Sarkin Baka goro a kan dajin da aka hana farauta daidai yake da ce masa mutanensa na shiga a ɓoye. Dattijon kuwa surukin maƙwabcinmu ne. Don kunya muka bar goron.

Bayan sallar isha'i muka tashi a tsohuwar akori-kurata. Babu wata, hadari kuma na ta walƙiya can gabas ba tare da ƙara ba. Da muka isa bukkar mai gadi muka yi sallama, ba a amsa ba. Na haska ciki. An cire ƙyauren, an lilliƙa hotunan 'yan takara a bango har kan taga, tokar murhu ta yi sanyi ruwa ya dake ta. Yaya ya yi dariya ya ce mai gadi ya tafi neman sabon ubangida kafin a gama rabo. Na yi dariyar tare da shi, amma ban so yadda ta fito ba.

Muka bar mota muka shiga da ƙafa, ina gaba da tocila, yana bayana riƙe da gefen rigata. Ba mu yi nisa ba ƙafata ta taɓa wani abu. Tarkon waya ne, an ɗana shi a hanyar zomo, wayar sabuwa ko tsatsa ba ta yi ba. Gaba kaɗan ga kututturen marke, saran bai bushe ba. Na nuna wa Yaya. Ya raɗa mini cewa aikin 'yan itace ne, tun da aka fara maganar zaɓe kowa ke cewa daji ya koma na talakawa.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin idanu. Na haska dama na haska hagu, ƙarƙashin sabara da saman itatuwa, ban ga komai ba. Yautai ɗaya muka tarar kwance a tsakiyar hanya, shi ma ya tashi tun kafin hasken ya zauna a kansa. Kwaɗi na kuka a wajen kogi, amma dajin kansa ya yi tsit. Na taɓa jin irin wannan shirun a Chadi lokacin da ƙasar ba ta zauna ba. Wani Bafulatani da muke aiki tare ya ce mini a lokacin, dabba ba ta ɓuya haka don kura ko zaki, sai in an daɗe ana harbi a wurin. Sai kuma iska ta kawo mini wani wari kaɗan, kamar na ashana da aka kashe. Na tsaya na shaƙa, ya ɓace.

Na ce wa Yaya mu koma, wata rana ma zo. Ya ce shi bai ga abin da ya zo gani ba, kuma ba zai koma shago gobe a ce likitan shanu ya kai shi kallon kututture ba. Ya san wani ɗan tafki da ruwan farko ke cikawa, kusa da wata babbar kanya, ya ce tun yana yaro a nan gada ke shan ruwa. Muka je. Muka tsuguna a gindin kanyar, bayanmu jingine da ita, na kashe tocila kamar yadda ya nema.

Yaya mutum ne mai yawan gyaran murya, ko a sahun salla an san shi da shi. Ina jin yadda yake danne shi a maƙogwaro, kafaɗarsa na motsi a jikin tawa. Sauro suka same mu. Ban san tsawon zaman da muka yi ba, na dai san ƙafata ta yi tsami.

Sai ga haske a ɗaya gefen tafkin. Ba na mota ba ne, ba kuma na tocilar hannu ba, don ba ya lilo yadda hannu ke lilo. Yana tafiya a hankali, ya tsaya, ya juya nan ya juya can, kamar yadda mutum ke juya kai. Fitilar goshi ce, irin wadda maharba ke ɗaurawa da ƙyalle, batirin na rataye a ƙugu. Ba a jin takun mai ita. Yaya ya matse mini hannu, a zatonsa wani ne irinmu, ko mai gadin ne ya dawo. Hasken ya bi bakin ruwa, ya hau kan ciyawa, ya zo ya tsaya a kanmu, bai ƙara motsi ba.

Na juya don in yi masa raɗa, sai na ga fuskarsa. A gaskiya ban ga fuska ba. Idanu biyu na gani, manya, zagayayyu, suna walƙiya a cikin duhu, kuma da yake a tsugune muke, tsayinsu daga ƙasa daidai tsayin kan gada. Abin da na yi ta nema duk daren nan ga shi a gefena. Na san abin da mai fitilar yake gani, na kuma san abin da ya zo yi.

Na kai hannu na bugi tabaran daga fuskarsa, na ture shi ƙasa, na ɗaga murya iya ƙarfina na ce, "Salamu alaikum!"

Ban gama rufe baki ba bindiga ta tashi. Adaka ce, irin wadda ake ɗura wa albarushi da guntayen ƙarfe. Ɓawon kanya ya zubo mana a ka, hayaƙi ya kwanta a kan ruwa, kwaɗi suka yi shiru. Hasken ya faɗi ƙasa yana kallon ciyawa. Can sai wata murya ta amsa daga ƙetare, a hankali, "Wa alaikumus salam. Su wane ne?"

Yaya ne ya ba shi amsa yana kwance. Ya ce, "Mai hula ne. Zo ka ga naman da ka samu."

Da mutumin ya zagayo sai na gane shi. Mai gyaran keke ne da rumfarsa ke kallon shagon Yaya, sa'ansa ne, sahu ɗaya suke salla, hular da ke ƙarƙashin ƙyallen fitilar ma ɗinkin Yaya ce. Ya durƙusa yana ta salati. Na haska Yaya. Guntun ƙarfe ɗaya ya tsage masa saman kunne, wani ya shiga kafaɗa bai yi zurfi ba. Sauran duk suna jikin itacen, daidai inda kansa yake a da. Na yage hannun rigata na ɗaure wurin. Mai keken ne ya goya shi har mota, ya bar bindigarsa a bakin tafki. Na lalubo tabaran a cikin ciyawa, gilashi ɗaya ya fashe, ban sani ba ko hannuna ne ko ƙarfe.

A hanya mai keken ya yi ta bayani ba a tambaye shi ba. Ya ce tun da masu gadi suka watse maharba suka koma gandu, kusan kullum ana shiga, an dai yi shiru ne don ba a san yadda sabuwar gwamnati za ta ɗauki abin ba. Ya ce ya ga launin idanun bai yi masa daidai ba, shi ya sa ya daɗe yana kallo, amma ya daɗe rabonsa da farauta, sai ya ɗauka idonsa ne ya manta. Ya jira ya ji tari ko motsin sanda, bai ji ba. Yaya ya ce masa ya yi shiru haka nan, maganarsa ta fi harbin ciwo.

An cire ƙarfen a asibiti a daren, Yaya ya ce ba ruwansa da 'yan sanda. Washegari da hantsi Sarkin Baka ya zo gida da kansa, da ƙullin goro a hannu. Aka daɗe ana gaisuwa. Sannan ya ajiye goron a gaban Yaya ya ce, "Alhaji, wannan ku ya kamata ku aiko mini jiya. Tun da bai zo ba, ga shi na kawo." Yaya ya gaya masa dalilinmu, cewa mun ji nauyin a ce muna zargin mutanensa. Dattijon ya jinjina kai, ya ce shi ma ya ji labarin muna shirin zuwa gandu tun a bencin shago, ya so ya aiko a ce mana kada mu je, amma aikowar na nufin ya faɗa da bakinsa cewa mutanensa na karya doka. Shi ya sa bai aiko ba, yana fatan wasa muke yi. Muka zauna mu uku muna kallon goron, ba wanda ya ɗauka.

Da kafaɗar ta warke na ce wa Yaya mu koma Kano a yanka masa wasu tabarau. Ya ce sai an kwana biyu. Na sake tayar da maganar bayan salla babba, ya ce yana jin daɗin idanunsa haka. Daga baya na je da kaina da tsohuwar takardar awon na karɓo sababbi, ya yi godiya, ya sa su a aljihun gaba, ban taɓa ganinsu a fuskarsa ba. Matarsa ta gaya mini in ya sa su a ɗaki sai ya ce yana jin kamar ana kallonsa daga nesa.

Mai keken bai koma ɗaukar bindigarsa ba, wani ne ya tsince ta. Kafin damina ta zagayo an fara yanka gandun ana rabawa, aka sare kanyar aka yi turame da ita. Yaya bai sake zura zare a allura ba har ya rasu, kuma tun daga shekarar nan ba a ƙara aika wa kowa goro don shiga dajin ba, don babu dajin.