Kunnen Kawu da Motar Mahaifinsu

A dangi Kawu ake ce masa, yara da manya, har waɗanda a lissafi shi ya kamata ya ce musu kawu. A layin gareji kuwa Mai Kunne ne, kuma ba don kunnuwansa sun fi na kowa girma ba. Tun yana ƙarami mahaifinsu ya kai shi koyon kanikanci saboda karatu ya ƙi zama a kansa, a can aka gano abin da Allah ya ba shi. Idan aka kawo mota ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Sai ya ce a tayar, ya ɗauko doguwar sukudirebarsa mai ƙotar katako, ya dasa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Ya matsa gaba, ya matsa baya. Can sai ya ɗago ya faɗi inda ciwon yake, a kwance a tarar da shi nan. Da wannan kunne ya yi aure, ya gina ɗakuna biyu da rumfa, ya aurar da ƙannensa mata.

Garejin nasa rumfar kwano ce, ƙasanta ya sha baƙin mai har ya daina tayar da ƙura. Akwai benci ɗaya mai gajeriyar ƙafa da aka tokare da tsohon fistin. Bencin nan na wansa ne, ko da yake ba shi ya saya ba.

Wan nasa tela ne, kuma a hannunsa motar mahaifinsu ta zauna bayan rasuwar tsohon. Tsohuwar mota ce mai dogon hanci, da kujera ɗaya shimfiɗe a gaba, giyarta a jikin sitiyari. Ta girmi yawancin masu shigarta. Tela bai san komai a cikin inji ba, bai kuma taɓa jin yana bukatar sani ba, tunda yana da ƙane. Kowace Asabar kafin ya buɗe shago sai ya biyo ta gareji, ya bar motar a kunne, ya zauna a benci da kofin shayi. Kawu ya saurara, ya ce, "Lafiya lau, Yaya." Daga nan su shiga hirar 'yan'uwa, wa ya haihu, wa ya yi fushi da wa. Ba su da wata ziyara da ta wuce wannan.

Shekarun baya jar fitilar mai ta taɓa kamawa a gaban sitiyari, tela ya iso a firgice. Kawu ya duba mai, ya saurari inji, ya tarar garau yake. Ɗan suwicin da ke kunna fitilar ne ya mutu, kuma ba a samu irinsa a kasuwa ba a lokacin.

"Ƙarya take yi, Yaya. Yi tafiyarka."

Amma jan hasken yana tsone wa tela ido. Sai ya yi abin da ya iya: ya yanko baƙin ƙyalle, ya zagaye shi da almakashi daidai girman fitilar, ya manna da gam. Faci ne mai kyau, sai ka ce da shi aka ƙera motar. Daga baya Kawu ya samo suwicin ya ɗaura, ya ce to a ɓare facin.

"Ni wanda ya taɓa yi mini ƙarya na gama da shi," in ji tela. "Ga kunnenka, me zan yi da fitila?"

Kawu ya yi dariya. Gaskiya maganar ta yi masa daɗi, shi ya sa bai sake tayar da ita ba.

Kunnen bai tafi rana ɗaya ba. Ƙananan sautuka ne suka fara sulalewa, kukan gyare, tafasar ruwa a tukunya, faɗuwar ƙaramin noti a ƙasa. Sai muryar matarsa daga madafa. Idan ta ce, "Malam, sai na kira ka da ganga ne?" sai ya ce ita ce ta koyi magana ciki-ciki. A wurin aiki ya rufa wa kansa asiri da ido da hanci da tafin hannu, domin wanda ya tsufa a cikin inji yana gane abubuwa da yawa daga launin hayaƙi da rawar ƙarfe. Amma akwai ciwon da yake can ƙasa, wanda a farkonsa kunne kaɗai ke kama shi. Yanzu idan ya manna ƙotar nan, abin da yake ji kamar iska ce a cikin tulu. Duk da haka Asabar tana zuwa, wansa yana zaune yana kallonsa, shi kuma ya ɗago ya ce lafiya lau. Yakan gaya wa kansa cewa ai ya san motar nan kamar yunwar cikinsa, in da wani abu zai ji a jikinsa.

Wata Asabar tela ya iso daga doguwar tafiya, ya kai iyali duba wata 'yar'uwa, injin ya yi zafi sosai. Ya faka a bakin hanya ya tare wa maƙwabta, sai Kawu ya shiga don ya gyara mata tsayuwa. Zafin rana ya ɗaga gefen facin kaɗan. Ta wannan 'yar kafa Kawu ya ga ja yana ƙiftawa. Ya taka totur, jan ya ɗauke. Ya saki, ya dawo.

Ya daɗe zaune da hannu a kan sitiyarin mahaifinsu. Suwicin nan shi ya ɗaura shi, ya san lafiyarsa. Zai iya danne facin da babban yatsa ya fito, ba wanda ya gani. Ya leƙa ta gilashi, ga wansa yana hura shayi hankali kwance. Sai ya murɗa makulli ya kashe injin, abin da bai taɓa yi ba kafin ya saurara.

Bai da geji, agogon auna ƙarfin mai a inji. Duk layin an san ba shi da shi, yakan ce geji na masu toshin kunne ne. Haka ya taka zuwa rumfar maƙwabcinsa Dogo.

"Dogo, ara mini gejin mai."

Dogo ya fito daga ƙarƙashin mota yana goge hannu. "Me ka ce? Sake faɗa, yau ni ne ban ji ba." Ya ɗaga murya. "Jama'a ku zo ku sha kallo, Mai Kunne ya zo aron geji! Kunnen ya tafi hutu ne, Malam?"

"Kawo ni dai, sarkin surutu."

Ya fara da abin da ya fi sauƙi. Ya zaro sandar gwaji, mai yana nan cike, bai tsinke ba, ba ya warin fetur. Ya kwance suwicin ya ɗaura tiyon geji a gurbinsa. Ya bari injin ya huce, sannan ya tayar. Allurar gejin ta haye sama, tela ya ce, "To ka gani." Suka tsaya suna kallo. Da injin ya ɗauki zafi sai allurar ta fara sauka a hankali, kamar mai saukowa daga tsani, har ta kwanta kusa da ƙasa tana rawa.

"Mai na nan, Yaya, amma ba ya isa inda ake bukatarsa da ƙarfi. Ko rariyar da famfo ke tsotsa ta toshe, ko famfon ya gaji, ko kuma ƙasan injin ya cinye. Sai na buɗe."

Ranar tela bai buɗe shago ba. Aka ɗaga motar, aka tsiyaye mai, Kawu ya kwanta ya sauke kaskon da ke ƙasan inji. Dauɗa ta taru a gindinsa kamar taɓo, rariyar ta toshe fiye da rabi. Ya shafo man a yatsa ya fito da shi rana, ga ƙananan ƙyalli a ciki. Ya kwance mital, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf, babban sandan ƙasan inji, ke juyawa a ciki. Farin samansu ya suɗe, jan ƙarfe ya fito. Ya bi karanshaf ɗin da farce yana neman zane, sai ya ji sumul. Saura ƙiris, amma bai kai ba.

Tela ya karɓi ɓawo ɗaya yana juyawa, kamar yadda yake duba yadin da asu ya ci.

"Wannan in ya cinye haka, yana ƙara?"

"Yana yi."

"Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu."

"To kai fa?"

Kawu yana zaune a ƙasa, mai har gwiwar hannu. Ya ga bakin wansa ya sake motsi, ya kuma san ko bai ji ba amsar ɗaya ce.

"Kunnen ya tafi, Yaya. Ya daɗe da tafiya."

Ya yi zaton faɗa. Tela bai yi faɗa ba. Ya ajiye ɓawon a kan benci a hankali, ya kaɗe rigarsa.

"Da matata da jikokina nake hawa hanya a kan maganarka," ya ce. Wannan Kawu ya ji shi tsaf. Tela ya tafi a ƙafa.

A gida da ya gaya wa matarsa, ba ta ba shi haƙuri ba. Ta zo gabansa inda zai ga bakinta, ta ce, "Alhamdulillahi. Ni kaɗai nake ihu a gidan nan, yanzu sai a raba ihun da dangi." Ta tura masa kwano. "Yaya kuma ka bar shi ya huce. Yana da gaskiya."

Neman mital na irin wannan mota ya ɗauki lokaci. Sai a wurin wani tsohon mai kayan gyara aka same su, cikin kwalin da ya yi ja don daɗewa. Kafin nan Kawu ya wanke rariya da kasko, ya buɗe famfo ya tarar da sauran ƙarfinsa, ya busa hanyoyin mai ɗaya bayan ɗaya. Ya yi aikin a hankali fiye da yadda ya saba, yana auna abin da a da yake yarda da shi haka kawai. Ya sayi geji nasa na kansa. Layin gareji ya yi kwana biyu yana tsokana, sannan aka samu wani abin dariyar aka koma kansa. Abin da ya yi shekara yana tsoro ke nan, kuma bai fi haka ba. Shirun wansa ne ya fi nauyi.

Ranar da za a tayar ya aika a gaya wa tela. Bai san ko zai zo ba, sai ga shi da tef ɗin awo a wuya, daga shago. Suka gaisa a taƙaice. Kawu ya zuba sabon mai, ya sa sabuwar filta, ya ɗaura gejinsa a gefen suwicin, ya shiga ya murɗa makulli. Fitilar, wadda yanzu ya ɓare mata facin, ta yi ja ta ɗauke. Allura ta hau. Suka tsaya har bonet ya yi zafin da ba a iya dafawa. Allurar ta ɗan sauko ta tsaya a tsakiya, ba ta ƙara motsi ba.

"Ya kake jin sa?" tela ya tambaya, don bakinsa ya saba.

"Ba na ji, Yaya. Kai za ka gaya mini."

Tela ya dube shi. Sannan ya karkata kai wajen injin, ya yamutse fuska irin ta mai zura zare a allura. Da ya buɗe baki sai ya ɗaga murya yadda har Dogo ya leƙo.

"Kamar keken ɗinkin da aka sa wa mai! Da kuwa akwai wani ƙwas-ƙwas daga ƙasa, kamar zare ya sarƙe."

"Ka ji shi, ba ka faɗa ba?"

"Na ɗauka tsufa ne! Kai ka ce lafiya lau!"

Kawu ya gyaɗa kai, bai kare kansa ba. Ya rufe bonet da hannu biyu.

"Tafi da ita. In fitilar nan ta ƙifta, ko ka ji abin da ba ka saba ji ba, tsaya a inda kake ka kashe. Kada ka jira ni."

Tela ya shiga ya gyara zama, ya sa giya. Sai kuma ya mayar, ya leƙo ta taga.

"Shigo in kai ka asibitin kunne," ya ce da ƙarfi. "Wanke hannun tukuna, kada ka ɓata wa Baba kujera."