Sarkin Laka, Ka Bar Ni a Kan Gada

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ƙaninka ya kira ni ya ce Allah Ya yi maka rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ofis, kwalaben ruwan da muka ɗebo tare na jere a kan tebur, lakarsu ko gama kwanciya ba ta yi ba.

Sarkin Laka muke ce maka a wurin aiki, kai kuma kana amsawa da ƙasaita. Shekara da shekaru mu biyu ke hawa gada mu zura kwalba cikin kogi, mu ɗebo ruwa, mu auna yashi da lakar da yake kwasowa. Da haka ake gane inda kogin ya cike, a yashe shi kafin ambaliya. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na sakin igiya a hankali, ɗaya na kallon agogo. Kullum sai ka ce hannuna ya cika gaggawa, kamar mai jan guga a rijiyar da aka hana shi. Ka gama tsokanata, sannan ka raba abincinka biyu ka turo mini babban kason.

Gidanka na unguwar da ke ƙasan kwanar kogin, inda ruwa ke fara shiga. Na sha ce maka ka tashi. Ka ce ba za ka sa mutane su amince da awonka ba alhali kai ka gudu kan tudu. Kowace shekara kafin damina bakinka maƙwabta ke jira, su zauna ko su kwashe kaya.

Bana ba mu gama awo ba. Na koma gadar ni kaɗai, igiya a wannan hannu, agogo a wancan, kwalba ta fito rabi. Na juya zan yi maka ƙorafi, babu kowa. Kewarka ta kama ni, na daɗe a tsaye.

Da na koma gaisuwa, mai ɗakinka ta ce, "Yaya, bana mu zauna ko mu tashi? Shi ke faɗa mana." Na roƙe ta ta ba ni lokaci.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba mai ɗakinka da yaranka da 'yan'uwa haƙurin rashinka. Ni kuma Ya ba hannuna natsuwa, don gobe zan sake hawa gada, kuma amsar da zan kai gidanka babu wanda zan tambaya ko daidai ce.