Ƙaramar Akori-kurar Kawu

Kawuna ya shafe shekaru yana jan akori-kura tsakanin garinmu da kasuwar Dawanau. Ya kai gero da wake, ya dawo da gishiri da manja da duk wanda ya tsaya a bakin hanya ya ɗaga hannu. Da motar ta gaji sai ta tsaya a bayan gidansa, gindin wata darbejiya, ba ta ƙara tashi ba. Tayoyinta suka nutse a ƙasa, kaji suka mai da kujerar direba wurin saka ƙwai. Shi dai Kawu bai taɓa yarda ta mutu ba. In an tambaye shi sai ya ce hutawa take yi.

Ni kuwa malamin firamare ne. A shekarar da nake ba da labari an gama girbi, an ba da hutun makaranta, ina zaune ba aikin fari ba na baƙi. Wata rana ina duba waya na ci karo da bidiyon wasu manyan mutane, har da masu furfura, sun durƙusa a kan duwatsu suna tuƙa 'yan ƙananan motoci da rimot. Ba tsere suke yi ba. Motar tafiyar hawainiya take yi, ta ɗora taya ɗaya a kan dutse, ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta jawo sauran jikinta. Na kalla ya fi sau goma. Kafin a kira la'asar na ƙudura sai na ƙera tawa da katako, kuma motar Kawu zan kwaikwaya.

Washegari na ari tef ɗin ɗinkin matata na tafi aunawa. Duk inci goma na babbar mota, inci ɗaya ne a tawa. Ina kwance a ƙarƙashinta, wata kaza tana harara ta, sai na ga ƙafafun Kawu sun tsaya a kaina.

"Kai, me ka ajiye a ƙarƙashin motata?"

"Aunawa nake yi, Kawu. Irinta zan ƙera, 'yar ƙarama."

"Ƙarama kamar yaya?"

Na fito na gwada masa da hannu, kamar kamu ɗaya. Ya kalle ni ya ce, "Kuma kai ne ake ba 'ya'yan mutane ka koyar da su?"

Ya kaɗa kai ya wuce. Amma da hantsi sai ga shi a zaurena da 'yar kujerarsa, wai ya zo ne ya ga inda haukan zai tsaya. Daga ranar bai ƙara fashi ba.

Wani kafinta a Kunci ya tara min guntayen siraran katako. Da ƙaramin zarto da wuƙa da gam na fitar da kan motar da bodinta. Tayoyi na yanko daga tsofaffin silifas, na haɗa falle uku-uku, na sassaƙa musu haƙora da reza don su riƙa kama ƙasa. Sifirin tayoyin kuwa na cikin biro ne, kuma sai da na kwance biro takwas kafin na sami huɗu masu ƙarfi ɗaya. Injin da rimot na samo daga wani abokina a Kano, na wata motar wasa ne da 'ya'yansa suka farfasa.

Aikin Kawu shi ne kushewa. Da na gama ƙofofi, sumul, suna buɗewa suna rufewa, na miƙa masa ina jiran yabo. Ya jujjuya ya ce, "Wannan ba motata ba ce."

"Me ya rage, Kawu?"

"Yaushe ka taɓa ganin ƙofar hagu ta rufu da kanta? Da igiya ake ɗaure ta."

Haka na ɓata ƙofar da na yi kwana biyu ina gogewa, na ɗaure ta da zaren buhu. Ya sa na cire fitila ɗaya. Ya sa na lotsa gefen dama, inda ya ce wani raƙumi ya taɓa jingina a hanyar Watari. A ƙarshe ya tsaya a kaina na rubuta abin da ke bayan tasa da tsinken tsintsiya da jan fenti: Sannu Ba Ta Hana Zuwa.

Gwajin farko a tsakar gida muka yi shi. Ina taɓa rimot motar ta zabura kamar an tsikari jaki, ta bi ta tsakanin ƙafafun matata, ta daki turmi, bambar gaba ta yi nata wuri. Matata ta ɗauko bambar ta miƙo min.

"Malam, ga haƙorin 'yar taka ya fita," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Gudu ya yi yawa, ni kuma jan ciki nake nema. Na kwance wata tsohuwar rediyo mai kaset na ciro 'yan faya-fayan roba masu haƙora, na yi mako guda ina jera su tsakanin inji da tayoyi har gudun ya koma ƙarfi. Ranar da na fito da ita ƙofar gida mutane suka taru. Ta fara tafiya a hankali, tana ƙugi. Ana ta jira. Can wani dattijo ya ce, "To, sake ta mana."

"Ai a sake take, Baba."

"Iyakar gudun ke nan? Da can tana gudu ka ɓata mako guda ka hana ta?"

Na fara bayani, amma kafin na kai ƙarshe rabin taron ya watse.

Ainihin jarrabawar a gonar Kawu aka yi ta, inda aka sare kara aka bar kunyoyi a bushe. Ga mutum kunya taki ɗaya ce, ga motata kuwa tsauni ce. Ta sa tayoyin gaba, ta ɗaga kai sama, ta ɗaga, ta ɗaga, sai ta kifa ta baya, tayoyi huɗu suna juyawa a iska kamar buzuzu ya faɗi. Sau uku ana haka.

Kawu ya ce, "Ba kaya. Akori-kura ba ta san tafiya wayam ba. Loda mata."

Na ce a bidiyon da na gani nauyi a ƙasa ake sa shi, kusa da tayoyi. Ya ce masu bidiyon sun taɓa hawa gangaren Watari da buhu ashirin? Muka yi ta musu har azahar. Daga baya muka raba gardama: na ɗaura tsofaffin notuna a ƙarƙashin gaba, shi kuma ya je da kansa ya roƙi matata ta ɗinka masa buhuna shida, kowanne kamar babban yatsa, aka cika su da gero.

Sai ga mota ta hau. Tayar hagu ta kama, ta dama ta rataye a iska, sifirin biro ya lanƙwasa, ta yi ɗan jim a ƙoli, sannan ta gangara ɗaya gefen lafiya lau. Ban san sanda na yi kabbara ba. Har yau ni na ce notuna ne, Kawu ya ce buhuna ne.

Nan take ya karɓe rimot, wai direba ya zo. Tuƙin Kawu abin kallo ne. In zai karya kwana sai ya karkace gaba ɗaya har hularsa ta faɗi, yana yi wa motar faɗa, yana yin hon da baki. Ya ce shi zai kai ta gida, muka biyo lungu tana gaba muna baya kamar masu rakiyar amarya.

Ashe buhu ɗaya ya ɓule. Gero yana zuba, kajin unguwa suka biyo sahu, tun suna uku har suka fi goma. Wani jan zakara ya ga tsintar ƙasa ba ta ishe shi ba, ya yi tsalle ya dira a bodi ya kama ci daga tushe. Kawu ya daka masa tsawa wai ya sauka, ya karkace zai kakkaɓe shi, yatsansa kuma yana danne da rimot. Motar ta juya ta nufi katangar maƙwabtanmu, ta sa kai cikin rariya. Zakara ya tsallake a bakin rami, ita kuwa ta shige, da yake hawan gargada shi ne sana'arta.

Muka tsaya cirko-cirko. Can muka ji salati daga cikin gida, sai muryar tsohuwar gidan, wadda duk unguwa ke kira Iya: "Gafiya! Gafiya da rana tsaka! Ku miƙo min kwando!"

Gidan matan aure ne, ba mu da ikon shiga. Muka zagaya zaure muka tsaya, ni da Kawu, muna ta sallama. Ya ce ni zan yi bayani tunda ni malami ne. Na ce ai shi ke tuƙi. Da Iya ta leƙo, Kawu ya gyara murya ya ce, "Iya, motarmu ce ta shigo gidanku."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta girme shi nesa ba kusa ba, ta san shi tun yana yawo ba wando.

"Ta ina?"

"Ta rariya."

"To Allah ya shirye ku, kai da ɗan naka. Ku dawo gobe."

Da safe ta aiko da ita a cikin kwano, an rufe da faifai. Na buɗe na ga mota tana ƙyalli tana ƙamshin sabulu. Iya ta ce abin da ya bi ta rariya ba ya fita daga gidanta da ƙazanta, don haka ta jiƙa ta a bokiti, ta dirje ta da soso, ta ɗauraye sau uku.

Kwana biyu na shanya ta a kan rufin ɗaki. Da na mai da batir ta tashi, amma baya kawai take yi, ko me ka danna. Haka Kawu ya yi ta hawa kunyoyi da baya-baya har hutu ya ƙare, kafin abokin nan nawa ya aiko min da wani rimot ɗin da kayan cikinsa. Iya kuwa a makon ta sa aka kafa wa rariyarta ragar waya, kuma duk sanda muka haɗu a hanya sai ta tambaye ni ko gafiyar tawa ta warke.