Shatin Yatsun Baba a Bayan Siminti

Babana magini ne, kuma shi ke yaɓe tsohon masallacin ƙauyenmu da ke hanyar Tarai tun kafin a haife ni. Ginin ƙasa ne, na tubali da azara, babu mai iya faɗin shekarunsa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka, matan gari su daka ɓawon ɗorawa a yi makuba, Baba ya kwaɓa ta da jar ƙasa, ya bi bango da tafin hannu. In ya bushe kana ganin shatin yatsunsa huɗu, layi bayan layi har sama.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ya zama mai kishin addini, har waɗanda ban taɓa gani a sahun asuba ba. Aka kafa kwamitin raya masallaci. Shugabansa wani Alhaji ne mai sayar da takin zamani a Rano, wanda ya je Makka sau biyu ya dawo yana ƙyamar duk abin da aka yi da ƙasa. Ni aka naɗa sakatare saboda ina koyarwa a firamare. Da rawar jiki na karɓa, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

A taron farko, da aka kira Baba, Alhaji ya ce baƙi za su riƙa zuwa daga Kano kallon tarihi, bai kamata su same mu cikin laka ba. A shafe bango da siminti, a yi fenti.

Baba ya ce, "Alhaji, ginin ƙasa numfashi yake yi. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. In ka toshe shi, ta ciki zai ruɓe."

Alhaji ya ce, "Malam, bango ai ba akuya ba ne." Kwamiti ya taya shi dariya, mutanen da ko akurki ba su taɓa ginawa ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai na rubuta cewa an amince.

Aka yi siminti, aka yi fenti kore da fari, aka kafa allon ƙarfe a bakin hanya. Baƙin farko ɗalibai ne da malaminsu. Malamin ya tsaya a tsakiyar masallacin, ya duba ko'ina, ya tambaye ni cikin ladabi ina ne tsohon masallacin. Alhaji ko a jikinsa, ya ja su yana nuna musu fanka.

A damina ta uku simintin ya fara kumbura, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ƙwarya. Kwamiti ya zauna, ya yanke shawarar a ƙara fenti. Wata rana bayan la'asar, jama'a sun watse ke nan, bangon gabas ya zube, ya janyo rufin. Alhaji ya ce ƙaddara ce, da ma ginin ya tsufa. Allon bakin hanya kam bai ko karkace ba, yana nan yana yi wa baƙi maraba.

A cikin ɓaraguzai na ɗauki wani gutsuren siminti. Da na juya bayansa, ga shatin yatsu huɗu ɓaro-ɓaro, simintin ya kwafe yaɓen ƙarshe. Na kai wa Baba a zaure, lokacin ba ya iya fita. Tun ranar taron farko bai sake ta da maganar ba. Ya daɗe yana bin layukan da yatsunsa, sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Kai ne sakatare. Ka adana."